Injin Matsa Iska: Wane Ɓaci Ake Gyarawa, Wanne Ake Haƙura da Shi?

Gabatarwa

Injin matsa iska, wanda masu sana'a suka fi kira kwamfireso, yana daga cikin na'urorin da suka zama ruwan dare a garuruwa. Mai faci a bakin titi da shi yake cika taya, mai fentin mota da shi yake fesa launi, kafinta kuma da shi yake harba ƙusa. Ƙananan injuna masu tankin lita 24 ko lita 50 sun shiga har cikin gidaje, inda magidanci kan keɓe zaure ko wani ɗaki a bayan gida ya mai da shi wurin aikinsa. Kamar kowace na'ura, akwai ranar da injin zai ƙi tashi, ko ya tashi ya kasa cika tanki, ko a riƙa jin iska tana zurara ta wani wuri. A ranar ne tambaya take tasowa: gyara za a yi, ko kuwa sabo za a saya?

Galibi aljihu ne yake ba da amsa, domin kowa ya fi son abin da zai rage masa kashe kuɗi. Sai dai ɓacin injin iri biyu ne. Akwai wanda gyaransa bai wuce aikin rabin yini ba, akwai kuma wanda gyaransa kan jawo asarar rai. Abin da ya sa lamarin yake da haɗari shi ne, na biyun ya fi kama da ƙaramar matsala a idon wanda bai sani ba. Injin da ya ƙi juyawa yakan tayar da hankalin mai shi, alhali kuwa sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne. Ɗan ƙaramin rami a ƙasan tanki ba ya damun kowa, alhali shi ne alamar cewa injin ya kai ƙarshen wa'adinsa. Domin a gane dalilin haka, wajibi ne a fara sanin abin da yake faruwa ga iska idan aka matsa ta.

Daga zuga-zugi zuwa fistin

Matsa iska domin a sa ta aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zuga-zugin maƙeri, wanda ake ɗinkawa da fata, injin matsa iska ne a sauƙaƙe: in an ɗaga fatar iska ta shiga, in an danna ta iska ta fita da ƙarfi ta hura gawayi. Bambancinsa da kwamfireso shi ne zuga-zugi ba ya ajiye iska, da an daina zuga shi ke nan. Kwamfireso kuwa tara ta yake yi a cikin tanki har lokacin da za a buƙace ta, kuma daga wannan tarawa ne amfaninsa da haɗarinsa duka suke fitowa.

A shekarar 1662 ne wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ailan, mai suna Robat Boyil, wanda yake bincikensa a birnin Oksfod na Ingila, ya wallafa ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa. Ƙa'idar ta ce muddin zafin iska bai sauya ba, in aka rage filin da take ciki zuwa rabi matsinta zai ninka biyu, in aka rage shi zuwa sulusi matsin zai ninka uku. Bayan kimanin shekara ɗari biyu aka soma cin moriyar matsattsiyar iska a manyan ayyuka. Da ita aka tuƙa na'urorin huda dutse wajen haƙa ramin jirgin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 12 a ƙarƙashin duwatsun da ke tsakanin Faransa da Italiya, aikin da aka fara a 1857 aka buɗe a 1871. A 1869 kuma aka yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa a Amurka, wanda jikokinsa ne suke tsayar da tirela da tanka a yau.

Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira bar. Iskar da take kewaye da mutum tana danna kowane abu da nauyin kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, wato fili kamar na farcen ƙaramin yatsa, kuma wannan shi ne kusan bar 1. A fuskar geji akan ga wasu lambobi masu alamar psi, waɗanda masu faci suka fi sabawa da su. Bar 1 daidai yake da psi 14.5. Geji ba ya ƙirga matsin iskar waje, abin da ya ƙaru a kansa kawai yake nunawa. Saboda haka in allurarsa ta tsaya a kan bar 8, matsin da yake cikin tanki ya ninka na waje sau tara. Ke nan tankin lita 50 a wannan hali yana riƙe da iskar da in aka sake ta za ta cika lita 450, wato fiye da duro biyu.

Sassan injin

Kwamfireso irin na gida sassa uku ne manya. Na farko shi ne moto, wato injin lantarki mai juyawa, ko kuwa ƙaramin injin fetur kamar yadda akan gani a wajen masu faci. Na biyu shi ne famfo, inda fistin yake kai da komowa a cikin silinda. Idan fistin ya sauka sai wani ɗan siririn falle na ƙarfe ya buɗe iska ta shiga, idan ya hau sai fallen ya rufe, wani kuma ya buɗe iskar ta wuce cikin bututu. Na uku shi ne tanki, ma'ajin iskar.

Ban da waɗannan akwai ƙananan sassa guda huɗu da kowane mai inji ya kamata ya san su. Akwai makunnin matsi, wanda yake kashe moto idan tanki ya cika, ya kuma kunna shi idan iska ta ragu. A yawancin ƙananan injuna yakan kashe a bar 8 ya kunna a wajen bar 6. Akwai bawul mai hana komowa, wanda yake bakin tanki, yana barin iska ta shiga amma ba ya barinta ta koma famfo. Akwai bawul na kariya, mai ɗan zobe a kansa, wanda yake buɗewa da kansa ya zubar da iska idan makunni ya kasa kashe inji. Sannan akwai ɗan famfon zubar da ruwa a can ƙasan tanki, wanda ya fi kowane sashe ƙanƙanta, ya kuma fi kowanne shan mantuwa.

Ina ruwan yake fitowa?

Wanda ya fara buɗe ƙasan tanki yakan yi mamakin ganin ruwa yana zuba, ga shi kuwa ba wanda ya zuba shi. Asalin ruwan daga iska yake. Kowace iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma akwai iyakar abin da za ta iya riƙewa. A zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, lita 1,000 ta fili ba ta iya riƙe fiye da kimanin giram 30 na tururi. Abin da ya wuce haka dole ya koma ruwa, kamar yadda raɓa take sauka da asuba, ko yadda kwalba mai sanyi take yin gumi. Wannan iyaka ta dogara ne ga girman fili da kuma zafi. Matsa iska ba ya ƙara ta.

Ga misali da lissafi. A tsakiyar damina, kamar watan Agusta, danshin iska yakan kai kashi 80 cikin ɗari, wato giram 24 a kowace lita 1,000. Injin da yake zuƙar lita 200 a minti ɗaya, in aka tara juyawarsa ta yi awa guda, ya zuƙi lita 12,000, tare da ruwa kusan giram 290. Da an matsa wannan iska sau tara, filin da take ci ya koma lita 1,330 da 'yan kai, wanda bayan ya huce ba zai riƙe fiye da giram 40 ba. Sauran giram 250, wato rubu'in lita ko kofi guda, ruwa ne, kuma mafi yawansa a ƙasan tanki zai kwanta. In aka yi mako ba a zubar ba, an tara abin da ya haura lita.

Kada a ɗauka cewa rani ya kuɓutar da tanki. Bisa ga wannan lissafi, muddin danshin iska ya wuce kashi ɗaya cikin tara, wato kimanin kashi 11 cikin ɗari, ruwa zai sauka. Ko a cikin hunturu yakan taru, sai dai kaɗan. Amma hunturu yana da nasa sharrin, wato ƙura, wadda take toshe matatar iska, in kuma ta samu shiga silinda ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa tana cin ringi.

Matsawa tana kuma haifar da zafi. A lissafi, iskar da take digiri 30 in aka matsa ta sau tara farat ɗaya ba tare da zafi ya fita ba, za ta haura digiri 290. A aikace ba ta kai haka ba, domin fika-fikan da suke jikin silinda da fankar da take busa su suna rage shi, amma duk da haka bututun da yake fitowa daga famfo yana iya ƙona hannu. Iska mai zafi ta fi riƙe tururi, shi ya sa ruwan ba ya sauka a famfo sai ya isa tanki ya huce.

Ɓacin da ake gyarawa

Kafin a taɓa kowane noti, a cire filogi daga bango, a zubar da iska har geji ya koma sifiri. Inji mai makunnin matsi yana iya tashi da kansa a kowane lokaci.

Idan moto yana gurnani amma ya ƙi juyawa, abu na farko da za a duba shi ne wutar da take isa gare shi. A daidai lokacin tashi moto yakan ja wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ja yana cikin gudu. Moto mai ƙarfin doki 2, wato kimanin kilowat 1.5, ba zai tashi da ƙaramin janareta irin na kunna fitila da fanka ba, haka nan doguwar waya siririya tana rage masa ƙarfi kafin wutar ta iso. A unguwannin da wuta take zuwa da rauni, injuna da yawa da aka yanke wa hukuncin lalacewa lafiyarsu lau. Idan wuta ta cika amma gurnanin bai daina ba, sai a duba kafasito, wato ɗan gwangwanin da yake ba moto turin farko. Wanda ya kumbura ko yake ɗigar da mai ya mutu. Sauya shi abu ne mai sauƙi, muddin an sayi mai lambobi daidai da na tsohon, kuma a tuna yana iya riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

Idan injin yana tashi lafiya sa'ad da tanki yake fanko, amma ya ƙi tashi in akwai iska a ciki, galibi laifin yana wurin bawul. Duk lokacin da lafiyayyen inji ya tsaya akan ji ɗan gajeren huci, wato iskar da ta maƙale tsakanin famfo da tanki ce ake saki domin moto ya samu sauƙin tashi na gaba. In ba a jin wannan huci, bawul mai sakinta ya toshe. In kuwa hucin ya ƙi tsayawa har tanki ya zube, to bawul mai hana komowa ne ya lalace, kuma sau da yawa datti ne ya hana robarsa zama. Wankewa ko sauya robar kan wadatar.

Idan moto yana gudu amma tanki ya daɗe bai cika ba, a fara da abu mafi araha. A wanke matatar iska ko a sauya ta. A shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ya tashi nan iska take fita. A duba bel ko ya saki. In duk wannan bai yi ba, sai a kwance kan silinda a duba fallayen bawul da gaskit ɗin da yake tsakaninsu. Falle yakan tsage ko ya lanƙwashe, ko kuma baƙin dattin ƙonannen mai ya hana shi rufewa. Wannan datti ya fi taruwa idan ana zuba man injin mota maimakon man da aka yi domin kwamfireso. Idan iska tana busowa ta wurin zuba mai, ko mai yana fitowa tare da iska yana ɓata fenti, ringi ne ya cinye. Ƙara mai kama da bugun guduma daga cikin famfo kuwa alama ce ta boris ko hannun fistin. Duk waɗannan aikin makanike ne na yau da kullum, kuma a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna akan nemi kayan gyara da masu gyaran.

Akwai gwaji mai sauƙi da yake nuna lafiyar famfo. A zubar da iska duka, a kunna inji, a auna mintocin da zai ɗauka kafin ya kashe kansa. Tankin lita 50 yana buƙatar ƙarin iska lita 400 kafin ya kai bar 8. In ya cika a minti 3, famfon yana ba da kimanin lita 130 a minti. Wanda ya rubuta wannan lokaci tun injin yana sabo ya samu ma'aunin da zai riƙa kwatantawa da shi kowace shekara.

Ɓacin da ba a gyarawa

Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. A cikin tanki ukun suna tare dare da rana, oksijin ɗin ma ya ninka na waje sau tara. Tsatsa kuma ba ta rufe ƙarfe ta kare shi, ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri. Daga waje fenti yana sheƙi, daga ciki kuwa bangon yana ta sirancewa. Bangon ƙaramin tanki da ma bai wuce kaurin milimita 2 zuwa 3 ba.

A duba nauyin da wannan bango yake ɗauke da shi. Tanki mai faɗin santimita 30, kowane gefensa na ƙarshe yana da fili kimanin murabba'in santimita 700. A bar 8, ƙarfin da yake tura wannan gefe ya haura tan biyar da rabi. Wannan nauyi ba ya raguwa don ƙarfe ya sirance. In tsatsa ta cinye kashi huɗu cikin biyar na kaurin bango, abin da ya rage yana ɗaukar ninki biyar na abin da aka tsara masa. Ƙarfin da yake neman tsaga tanki a tsawonsa kuma ya ninka wanda yake neman raba shi biyu a tsakiya, shi ya sa tankin da ya fashe yakan tsage ne daga wannan kai zuwa wancan, galibi ta ƙasa inda ruwa ya kwanta, ya tashi sama kamar an harba shi.

Makamashin da iskar tankin lita 50 take saki idan ya fashe a bar 8 ya kai kimanin jul 50,000. Wannan daidai yake da abin da za a kashe wajen ɗaga buhun siminti mai kilo 50 zuwa tsayin mita 100, ko kuma ƙarfin mota mai nauyin tan ɗaya da take gudun kilomita 36 a awa. Duk wannan yana fita ne cikin ƙiftawar ido, a cikin ɗaki, kusa da ƙafafun mai aiki da na yaran da suke kallonsa.

To a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne muni. Ɗan rami ya bayyana a ƙasan tanki, sai a kai wa mai walda ya like shi, ko a murɗa masa sukuru da roba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ramin shi ne wurin da tsatsa ta fara ɓullowa, amma duk kewayensa ya riga ya zama kamar takarda. Muddin ramin yana zubar da iska, tankin yana gargaɗi ne. Da an like shi an rufe bakin mai gargaɗi, matsi ya koma kan ƙarfen da yake gefe, wanda zafin walda ya ƙara raunana shi. Ban da haka, man da famfo ya riƙa tofawa cikin tanki shekara da shekaru yana iya kamawa da wuta a lokacin waldar. Haka hukuncin yake ga tsagewar da take fitowa a gindin ƙafafun tanki ko ƙarƙashin mazaunin moto, wadda jijjiga take haifarwa.

Ba da sauƙi duniya ta koyi wannan darasi ba. A shekarar 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Burokton na jihar Masacusets a Amurka, mutum 58 suka rasu. Irin waɗannan haɗura ne suka sa Ƙungiyar Injiniyoyin Na'urori ta Amurka ta tsara ƙa'idojin ƙera tukwanen tururi a 1914, daga baya aka faɗaɗa su suka haɗa da tankunan matsi. A Nijeriya ma Dokar Masana'antu ta 1987 tana da sashe a kan tankunan iska, wanda ya wajabta sanya musu geji da bawul na kariya da hanyar zubar da ruwa, da kuma duba su lokaci-lokaci. Amma sufeto masana'anta yake zuwa, ba ya shiga zauren kowa. Mai aiki a gida shi ne sufeton kansa.

Yadda ake duba tanki

Ruwan da yake fita daga ƙasa shi ne shaida ta farko. In ya fito fari ko da ɗan ja-ja, ba abin tsoro ba ne. In ya fito kamar kunun kanwa da ɓarɓashin tsatsa, ko famfon zubarwa ya toshe da su, cin ya yi nisa. Bayan an zubar da iska, a kwance babban murfin da yake jikin tanki a haska tocila a duba ko akwai ramuka ko ɓawon tsatsa mai kauri. A bi ƙasan da ƙaramar guduma a hankali: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya ci kuwa yana amsawa a dushe. Kumburin fenti a ƙasan tanki shi ma alama ce. A jikin tanki na kirki akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da shekarar ƙira da iyakar matsin da aka yarda ya ɗauka.

Injiniyoyi suna da hanyoyi biyu da suka fi waɗannan tabbaci. Ɗaya ita ce na'urar da take auna kaurin ƙarfe da sauti daga waje. Ɗayar kuma ita ce gwajin ruwa: a cika tanki da ruwa maƙil, a matsa shi har ya wuce matsin aikinsa da sulusi ko da rabi, a ga ko zai riƙe. Dalilin amfani da ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan ƙwarai, don haka ba ya tara makamashi. In tankin ya gaza, tsagewa zai yi ruwa ya tsiyaye. Gwada tanki ta hanyar ƙara masa iska fiye da ƙima kuwa ganganci ne.

Idan za a sayi wani

Hukuncin ya danganta ga irin injin. Mai bel, wanda famfonsa yake da mai kuma yake juyawa a hankali, an gina shi ne domin a riƙa gyara shi, kuma sassansa uku a rarrabe suke. In tankinsa ya mutu ana iya sayen sabon tanki mai allon shaida a ɗora masa tsohon moto da famfo. Ƙaramin inji wanda moto da famfonsa suke haɗe, mai juyawa kusan sau 2,850 a minti, ya fi araha amma ya fi saurin cinyewa, kayan gyaransa kuma ba koyaushe ake samu ba. In wayar motonsa ta ƙone, kuɗin sake naɗa ta yakan yi kusa da na sabon inji. Masu sana'a da yawa suna bin ƙa'idar cewa gyaran da ya wuce rabin kuɗin sabo bai cancanta ba, musamman in tankin ma ya tsufa.

Wajen zaɓen sabo, yawan iskar da inji yake bayarwa a minti ya fi girman tanki muhimmanci, domin tanki ajiya kawai yake yi. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali sau da yawa ta iskar da fistin yake zuƙa ce, wadda take isa tiyo kuwa takan tsaya a wajen kashi biyu cikin uku na wannan. Bindigar ƙusa da cika tayar mota, wadda ba ta wuce bar 2 zuwa 2.5 ba, ba sa cin iska da yawa. Bindigar fenti kuwa tana sha ba tsayawa, kuma ƙaramin injin da aka tilasta wa ciyar da ita zai yi ta gudu ba hutu har ya ƙone.

Mai sayen na hannu ya fara da duba tanki kafin ya saurari ƙarar moto, kuma sabon fenti a kan tsohon tanki ya ƙara masa shakka. Ya karanta allon moto: wutar Nijeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, a kan bolt 220 zuwa 240, injunan gida da aka yi domin Amurka kuwa galibi na bolt 120 ne da bugu 60. Injunan haɗin gida, waɗanda ake yi da kwamfireson firji da tsohuwar tukunyar gas, suna nuna basirar masu haɗa su, amma wanda ba shi da bawul na kariya da wurin zubar da ruwa bai kamata a kunna shi ba. Haka kuma kada a ja layin iska da bututun roba irin na ruwan famfo, domin in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Tsohon tankin da aka yanke wa hukunci yana da haƙƙi ɗaya a kan mai shi. A zubar da iskarsa, a cire duk murafansa, a huda masa manyan ramuka kafin a sayar wa 'yan gwangwan, domin kada wani ya tsince shi ya shafa masa fenti ya sayar wa wanda bai sani ba.

Kammalawa

Yawancin abin da yake kai inji ga wannan mataki ana iya kauce masa da 'yan ɗabi'u kaɗan. A buɗe famfon ƙasa a ƙarshen kowane yinin aiki, a karkata tankin har ruwan ya ƙare. A ja zoben bawul na kariya lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗewa yana kuma rufewa, kada a ɗaure shi da waya don yana zubar da iska. In yana yawan buɗewa, makunni ne yake neman gyara. A duba mai kafin a kunna, a riƙa wanke matata akai-akai a lokacin hunturu, a ajiye inji inda iska take ratsawa. Kada kuma a kaɗe tufafi ko jiki da tiyo, domin matsattsiyar iska tana iya shiga ta rauni ko ta lalata ido da kunne.

Moto da famfo da bawul abubuwa ne da suke lalacewa a gyara su sau da yawa, kuma wanda ya jefar da inji saboda mutuwar kafasito ya yi asarar kuɗinsa a banza. Tanki kuwa sau ɗaya yake mutuwa. Ranar da aka ga rami ko tsaga a jikinsa, a kashe inji, a zubar da iska, a fara neman wani.